Ƙofar da Cao Jinbiao Ya Rufe da Barkono

Zuwa ga Hong Weimin, Shugaban Kwamitin Ƙauyen Gangaren Gora, da sauran 'yan kwamiti.

An fara cin mutuncina ne ranar Talata, biyu ga wata na takwas a lissafin wata, da ƙarfe takwas da minti goma na safe. Na riƙe lokacin saboda na dubi agogon bangona a daidai sa'ad da Cao Jinbiao ya banko ƙyauren gidana ba tare da ya ƙwanƙwasa ba.

Ni ce Zhan Peiyun. Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da rubutu a firamaren ƙauyen nan. Duk wanda ke tsakanin shekara ashirin da biyar da sittin a Gangaren Gora, ni na kama hannunsa na ɗora a kan alƙalami, har da kai, Shugaba, da ka zo mini kana riƙe fensir kamar wuƙar fawa. Na san kana wurin lokacin da yawancin abin da zan faɗa ya faru. Duk da haka zan rubuta shi daki-daki, domin na lura hankalinka ya fara mantuwa tun da masara ta same ka a ƙeya.

Ina zaune a tsakar gida ina ɓarar wake ya shigo, da hular kwanon nan ta ma'aikatan titi wadda ba ya rabuwa da ita. Shekara ashirin da biyu ya yi a birni yana shafa fenti a kan kwalta, kuma tun da ya dawo bara kunnen kowa bai huta ba.

"Malama, kin ci abinci?"

"Na ci. Rufe mini ƙyaure, kaji za su fita."

Bai rufe ba. Ina so kwamiti ya lura da wannan: ranar da aka ce ya rufe ƙofa, bai rufe ba.

Ya ja kujera ya zauna ya fara zuba. Wai ƙauyukan da ke bayan dutse suna jera shanyar amfanin gonarsu ta zama hoto, ana ta kallo a waya, mu kuwa muna nan muna shanya a fayafai kamar zamanin kakanni. Shi zai tara barkono da masarar ƙauyen nan kaf, ya rubuta harafi guda ɗaya da zai cika filin shanya, a ɗauki hoto a tura wa yaranmu da ke birane, su dawo gida Bikin Tsakiyar Kaka.

"Bara mutum nawa suka dawo, Malama? Tara! A ƙauye mai gida saba'in."

Ba zan ɓoye ba, shawarar ba ta da laifi. Ɗiyata Wenjing ma shekara uku ke nan ba ta ci wainar wata ta wannan biki a teburina ba. Shi ya sa ban kore shi nan take ba, kuma wannan ne kuskurena ɗaya tilo a cikin lamarin.

"Wane harafi kake so?"

"Mai layi da yawa. Wanda idan mutanen bayan dutse suka gani za su kasa barci."

"Kai da sai a aji uku ka iya rubuta sunanka?"

Na ɗauko tawada da alƙalamin gashi, na shimfiɗa takarda, na rubuta masa 回.

"Ka san shi?"

"Haba Malama. Dawowa."

"To duba hannuna. Layi shida ne. Na farko bangon hagu, daga sama zuwa ƙasa. Na biyu rufin sama, ka karya kwana ka sauko da bangon dama ba tare da ka ɗaga hannu ba. Sai ka shiga ciki ka gina ƙaramin ɗakin, layi uku. Sannan layin ƙasa, shi ne na shida, shi ne ƙofa. Ba ka rufe ta sai abin da zai shiga ya gama shiga."

Ya yi dariya har hular kwanonsa ta karkace.

"Akwati a cikin akwati ke nan! Malama, akwatin ajiye mota da na zana ya fi dubu huɗu. Na rubuta 'tsaya' a kan titi, harafi mai tsawon mutum uku, manyan motoci na gani suna taka birki."

"Da me ka rubuta?"

"Da faranti yankakke. A shimfiɗa, a fesa, a ɗaga."

"Wannan shafe ne, ba rubutu ba."

"Idan an gama, wa zai san layin da aka fara ja?"

"Haka ka ce a aji biyu, na sa ka rubuta shi sau ɗari."

"Kuma na rubuta!"

"Ka ɗaure fensir uku wuri ɗaya."

Ina cikin maimaita masa karo na uku sai na ji ƙyas. Ya tura fuskarsa kusa da tawa ya ɗauke mu hoto da waya, ni da alƙalami a hannu, bakina a buɗe. Ya kwashi takardar ya fita. Kajina biyu suka bi shi.

Ranar Laraba da hantsi na ji sunana a lasifikar ƙauye, a tsakanin sanarwar rigakafin kaji da ta gyaran famfo. Muryar Jinbiao ce: za a rubuta harafi mafi girma a tarihin gundumarmu, "a ƙarƙashin jagoranci da kulawar Malama Zhan Peiyun, wadda ta miƙa wa babban almajirinta duk sirrin rubutunta." Ranar Alhamis ya rataya jan ƙyalle mai tsawon taku goma a bakin filin shanya, da wannan magana a jiki, da hotona mai buɗaɗɗen baki a gefe. Na zo ofishinka ranar, Shugaba, da ƙarfe biyu da rabi. Ka zuba mini shayi ka ce, "Malama, girmamawa ce, ki yi haƙuri." Na rubuta wannan ma.

Ya bi gida-gida yana karɓar amfanin gona. Gida goma sha ɗaya suka ba da barkono, bakwai suka ba da masara. Wadda ta fi ba shi wuya ita ce Gwaggo ta Uku, matar marigayi baffansa, wadda barkononta ya fi na kowa ja a ƙauyen nan, kuma ta san haka. Ina jin su ta kan katanga.

"Barkonona a kan siminti? Ni a faifai nake shanya."

"Gwaggo, naki zan sa a gaba, a layin da ya fi kusa da hoto. Duniya za ta gan shi."

"Duniya ce za ta ci? Ɗanye ne, Biao. Idan aka taka shi ruɓewa zai yi, ba bushewa ba. Na shekara guda ne."

"Ko ƙuda ba zai taka ba. Na rantse da hulata."

"Wanda ya taka, da sandar dako zan karya masa ƙafa, ko da shugaba ne."

Dole in tunatar da kwamiti yadda filin shanyarmu yake, domin a nan maganar take. Taku ashirin ne kowane gefe. Ta arewa bangon dutse, ta yamma bayan gidaje, ta gabas kududdufin agwagin Baffa Pang. Hanya ɗaya ce, ta kudu, inda zauren kakanni yake. Wato ƙasan harafin ya faɗo daidai bakin hanya. Kakanninmu da suka gina filin ba su san Jinbiao ba, amma sun gina masa darasi.

Ranar Asabar, shida ga wata, na iso da ƙarfe bakwai da minti arba'in da nufin in sa a sauke ƙyallen. Na tarar rabin ƙauye a wurin. Lamei, matar Jinbiao, tana saman benen zauren kakanni da waya a kan sanda, tana nuna komai kai tsaye ga dandalin wayar 'yan ƙauyenmu, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu. Bangon hagu na barkono an gama shi, da rufin sama, da bangon dama, kowanne faɗin taku uku. Layin ƙasa kuwa, da jan barkonon Gwaggo ta Uku, saura wata 'yar kafa da mutum ɗaya zai bi. A tsakiyar filin an ajiye tebur da kujera biyu, kana zaune a ɗaya, Shugaba, da kwalbar shayinka da takardar jawabi. Masara, buhu talatin, tana waje a kan babur mai ƙafa uku.

Na bi ta kafar na shiga.

"Cao Jinbiao!"

"Ga Malama ta iso! A tafa mata!"

Aka tafa.

"Ina ƙaramin ɗakin?"

"Yana zuwa. Ni firam ɗin kewaye nake fara gamawa, haka muke yi a birni."

"Masararka tana ina?"

"Ga ta can."

"Ta ina za ta shigo?"

"Malama, zauna ki huta. Rana na dukanki."

Ya kamo gwiwar hannuna ya zaunar da ni a kujera ta biyu. Kafin in miƙe ya ruga ya juye kwando biyu na ƙarshe a kafar, daga ciki, ya baje su da manjagara, ya jefa manjagarar gefe, ya ɗaga hannu biyu sama wajen matarsa.

"Lamei, ɗauko! Kusurwa huɗu, babu karkata ko ta gashi ɗaya!"

Aka sake tafi. Tafin ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har ya tsaya. Mutane suka dubi barkono, suka dubi babur, suka dubi juna. Baffa Pang, wanda ke tsugune a bakin kududdufi yana shan taba, shi ya fara magana.

"Biao, masarar nan tana da fiffike?"

Na ce, "Ɗauki manjagara ka ja layin ƙasa gefe. A shigo da masara, a gina ɗakin, a mayar da barkono. Aikin minti goma ne."

Ya dubi waya a saman bene. Mutum ɗari huɗu na kallo.

"Gwani ba ya gogewa, Malama. Wannan duk yana cikin tsari. Kai jama'a, a kwance buhu, a jefo!"

Aka fara jefo masara, wadda ba a ɓare ba, da totuwarta. Matan ƙauyen nan ba su taɓa samun izinin jifan shugaba da tsohuwar malamarsu a lokaci ɗaya ba, kuma na ga wasu sun ɗauki aikin da gaske. Ta farko ta wuce kaina. Ta biyu ta kifar da kwalbar shayi a kan jawabinka. Ta bakwai ce ta same ka a ƙeya. Duk wadda ta gaza kuwa sai ta faɗa cikin layin ƙasa, kuma duk faɗuwa sai Gwaggo ta Uku ta yi ihu kamar ita aka jefa. Ta zaro sandar dakonta ta tsaya a bakin hanya.

"Hannun da ya sake ɗagawa, na karya shi!"

Buhu ɗaya bai ƙare ba. Jinbiao ya ƙirga sauran buhunan, ya ce to, dama gwaji ne.

"A kawo benci biyu da katako. Gada za mu yi. Na yi aiki a kan gadar da ta fi ƙauyen nan tsawo."

"Fenti ka shafa mata," in ji Baffa Pang.

"Da ba fenti da ta yi tsatsa ta rushe!"

Aka cillo benci ɗaya ciki, aka ajiye ɗaya a waje, aka gitta katako mai faɗin tafin hannu. Jinbiao ya hau ya tsallaka waje yana ɗaga wa waya hannu. Ya ce mu ma mu fito idan muna so. Shekarata saba'in da biyu, ban taɓa tafiya a kan katako kamar 'yar wasan kasuwa ba, ba kuma zan fara a gaban ɗalibaina ba. Kai kuwa, Shugaba, ka ɗora ƙafa ɗaya, katakon ya yi ƙara, ka sauke ta ka ce ka fi son ka zauna tare da Malama.

Ya saɓa buhu a kafaɗa ya shigo da shi. Ya koma ya shigo da na biyu. A na uku ya tsaya a tsakiyar katako yana haki.

Daga saman bene Lamei ta ce, "Baban yara, ana tambaya a nan wai hutu kake yi ko addu'a?"

"Ce musu ina auna iska!"

Da ya sauka sai ya ce ɗaukar kaya a ka aikin mutanen da ne. Ya sa aka kawo katako biyu masu kauri da bulo takwas. Babur ɗin zai hau da kansa, da sauran buhunan duka.

Na ce, "Babur ɗin ƙafa uku gare shi. Katakonka biyu ne."

"Ta gaba ba ta da nauyi, Malama, jagora ce kawai."

"Jinbiao, manjagara. Minti goma."

"Malama ta ce in ci gaba!" Ya faɗa wa wayar, da ƙarfi. Ina so a rubuta cewa ban ce haka ba. Shugaba shaida ne, idan ƙeyarsa ta bar shi ya tuna.

Ya ja da baya har gindin bishiyar kafur, ya murɗa mai, ya taho. Ƙafar gaba ta bi tsakanin katakon biyu ta nutsa cikin barkono. Katakon hagu ya zame, bulo suka watse, ƙafar baya ta sauka ita ma ta fara juyawa a wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin injin markaɗe ya san abin da ya biyo baya. Jan ruwa ya yi feshi ta baya, ya wanke jan ƙyallen, ya wanke hotona, ya wanke mutanen da ke layin gaba. Maimakon ya saki mai sai ya ƙara murɗawa.

"Barkonona! Ɗan banza, kashe shi! Kashe shi!"

"Yanzu zai kama ƙasa, Gwaggo!"

Ya kama. Babur ya yi tsalle ya shigo fili, ya miƙe da ƙafar gaba sama, buhuna suka zube ta baya. Shida daga cikinsu ɓararriyar masara ce ta gidan Gong, wadda ya ce zai yi wa ɗakin ado da ita. Huɗu suka fashe. Ƙwaya ta bazu har gindin teburinmu, har bakin kududdufi.

Baffa Pang ya cire taba daga baki ya ce, "Af."

Agwagwa sittin da uku gare shi. Sun fito daga ruwa a jere, suka hau bangon dama na harafin kamar an shimfiɗa musu tabarma. Agwagwa ba ta jin yaji, kuma ba ta san layi na biyu ba. Da jiƙaƙƙun ƙafafu suka tattake barkonon gidan Cao da na gidan Gong da na gidan Hong suka gauraya su, mai zafi da marar zafi, abin da matan gidajen nan uku ba su gama rabawa ba har yau.

"Baffa, kira dabbobinka!"

"Kai ka gayyace su. Ai 'dawo' ka rubuta."

A nan ne ya tuna da injin hura iska da ya zo da shi daga birni, wanda yake goyawa a baya yana share ƙofar gidansa da shi don maƙwabta su gani. Yana ɗaure a gaban babur. Ya goya shi, ya ja igiya.

Na miƙe tsaye na ce, "Cao Jinbiao, ajiye wannan abin."

Shekara arba'in da biyar da suka wuce, wannan muryar takan sa ya ajiye duk abin da ke hannunsa. Injin ya fi ni ƙara.

Barkonon gidan Hong rabinsa busasshe ne tun makon jiya, agwagi kuma sun riga sun farfasa shi. Iska ta ɗauke shi ta yi sama da shi, ta juyo da shi kan kowa. Agwagi suka tashi, ba wajen ruwa ba, wajen teburinmu. Ɗaya ta sauka a kan jawabinka. Mutum ɗari suka kama atishawa a lokaci ɗaya. Jinbiao, idonsa a rufe da hawaye, ya juya da bututun yana neman agwagi, ya taka ɓararriyar masara, ƙafafunsa suka yi gaba, ya zauna daɓas a cikin markaɗen barkonon gwaggonsa. Injin na bayansa bai mutu ba, yana ta hura masa hular kwano tana gangarawa. Gwaggo ta Uku ta ga ba sauran abin da za ta kare, ta tako cikin barkonon nata da kanta, da sanda.

"Tsaya, Gwaggo, ana kallo!"

"Su kalla! Ba ka ce duniya za ta gani ba?"

Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar fili, ni kaɗai, domin kai ka shige ƙarƙashin tebur. Na yi atishawa goma sha ɗaya a jere. Ba ni na ƙirga ba. Wani tsohon ɗalibina da ke aikin lantarki a birni ne ya ƙirga ya rubuta a dandali. Wata kuma, wadda na taɓa ba lambar yabo, ta rubuta cewa akwati da mutum a tsaye a ciki ai wani harafin ne daban, wanda Malama ta koya mana a aji huɗu, na fursuna. Lamei tana karanta duk wannan da ƙarfi daga saman bene tana dariya, har wayar ta suɓuce daga sanda ta faɗa cikin tulun ruwan zauren kakanni.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida ke nan. Abin da ya faru bayan haka babu wanda ya gan shi a waya, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Na share idona, na ɗauki manjagarar da ya yar, na je kusurwar hagu ta layin ƙasa inda barkono bai lalace ba, na ja shi gefe a hankali, ban fasa ko ɗaya ba. Na buɗe hanya mai faɗin babur. Minti bakwai na yi. Na ce goma ne don na yi masa sassauci. Na bi ta ƙofar na fita na tafi gida. Kai ma ta nan ka biyo ni.

Yau Litinin, takwas ga wata. Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba. Shugabar makarantar gari ta kira ta tambaye ni, cikin ladabi, ko gaskiya ne yanzu na sake ra'ayi a kan jerin layuka, domin wani yaro ɗan aji biyu ya rufe akwatinsa tun farko, da aka yi masa faɗa ya ce ai almajirin Malama Zhan haka yake yi. Shekara talatin da takwas ina faɗin abu ɗaya. Safiya ɗaya ta ishi mutum mai hular kwano ya juya shi, da sunana a kan ƙyalle.

Jiya kuma ka aiko mini da awara da kwalin wainar wata, da saƙon cewa a bar maganar, wai ai abin ya yi kyau: mutum tamanin da bakwai sun sayi tikitin dawowa, abin da ba a taɓa gani ba, har kwamiti na tunanin ba Jinbiao takardar yabo. Na san sun saya. Wenjing ma ta kira ni. Minti biyu ta yi ba ta iya magana ba don dariya, sannan ta ce, "Mama, ina zuwa, da yara. Suna son ganin agwagin." Na ji daɗin zuwanta, na kuma riga na shanya bargunan ɗakinta. Amma wannan ba ya cikin maganar da muke yi. Ba harafin ne ya kira su ba, domin ba a rubuta harafi ba. Atishawata ce ta kira su. Awarar na ci, don kada ta lalace. Wainar tana nan ban buɗe ba.

Jinbiao kuwa ko ƙofata bai tako ba. An ce yana kwance ruf da ciki, yana gaya wa masu zuwa dubiya cewa kuskuren daga katako ne.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba na neman ragi.

A sauke jan ƙyallen yau, kafin rana ta faɗi.

Cao Jinbiao ya je gonar surukansa ya tsinko wa Gwaggo ta Uku barkono kwando bisa kwando, ja irin nata, ita za ta duba.

Ranar sha biyar ga wata, da la'asar, kafin a zauna cin abincin biki, a gaban mutum tamanin da bakwai ɗin nan da duk wanda ke ƙauye, ya tsaya a filin shanya ba tare da hular kwano ba. A ba shi lasifikar da ya kira sunana da ita. Ya ce, da bakinsa, ba a rubuce ba: "Malama Zhan ta koya mini daidai, sau uku ranar Talata da sau ɗari a aji biyu, ni ne ban ji ba. Ina ba ta haƙuri." Lamei ta ari waya ta nuna wa dandali, daga farko har ƙarshe, ta kuma riƙe ta da hannu biyu.

Sannan a ba shi bokitin ruwa da tsintsiya, ba barkonon kowa ba, ya rubuta harafin a filin, yana ƙirga layukan da ƙarfi. Bangon hagu, ɗaya. Rufi da bangon dama, biyu. Ƙaramin ɗaki, uku, huɗu, biyar. A nan zai tsaya. A jera teburan biki a ciki, waɗanda suka dawo su shiga su zauna, da tsofaffi, da yara, da Gwaggo ta Uku, da jikokina. Idan ruwan ya bushe kafin su gama shiga, ya sake ja daga ɗaya. Layi na shida ba zai ja shi ba sai na duba hanya da idona na ga babu sauran mai zuwa, na ce masa, "Yanzu rufe."

Kuma ya ja shi daga waje. Idan haƙurin da ya bayar ya gamsar da ni, zan sa a miƙa masa katako ya tsallako ciki.

Zhan Peiyun
Malamar rubutu mai ritaya
Gida na huɗu daga bishiyar kafur